Man Laushi da Tiyon Madam Nkechi

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya wani a cikinku ya ɗauki tiyon wankin mota ya lanƙwasa, ya ce wai aikin roba ai ba aiki ba ne: ka zuba gari ta sama, ka danna maɓalli, tiyo ya fito ta ƙasa kamar taliya. To sannu, injiniya! Ni Ayuba, wanda ake ce wa Ayuba Miksa tun daga Kakuri har Gonin Gora, shekara goma sha tara na yi ina zuba garin nan a wani ƙaramin kamfanin roba da ke bayan masaƙu, kuma ban taɓa ganin ranar da maɓalli ya yi min aikina ba. Ku gyara zama.

Garin roba iri ɗaya ne, fari fat kamar fulawa. In ka narka shi haka nan tsurarsa, bututun famfo za ka samu, mai taurin da in aka maka maka shi a ka sai ka gaisa da kakanninka. In kuwa kana so ya yi laushi, ya zama tiyo, ko takalmin roba, ko ledar ɗaki, ko rigar wayar lantarki, to sai ka shayar da shi mai. Man nan shi ne dukkan sana'ar. A jikin durom haruffa uku aka rubuta, Di-o-pi, amma mu man laushi muke ce masa. Garai-garai yake kamar ruwa, da ɗan kauri kamar man gyaɗa mai kyau, ba shi da wani wari da zai tsorata ka. Ka zuba kaɗan, takalmi ya ciji ƙafar mutum. Ka zuba da yawa, tiyo ya fito yana zufa yana maƙale wa hannu. Tsakanin kaɗan da yawa ɗin nan, a nan mutum yake zama mai haɗi ko ya zama mai shara.

Wanda ya koya min Baba Dogara ne, dogo, siriri, da haƙora kamar na doki. Ranar da aka kai ni wurinsa, an kawo sabon durom. Ya buɗe, ya tsoma yatsa, ya murza, ya ɗaga wa haske, sai kawai ya kai baki ya lasa. Na ce, "Baba, karin kumallo ne?" Ya ce, "Rufe min baki. Dillalai suna surka shi da wani man banza. In an surka, harshe ne zai faɗa maka kafin inji ya faɗa maka da tsada." Ya miƙo min yatsa. Na lasa. Shi ke nan na shiga makaranta.

Muna da sikeli, babba na gari da ƙarami na kala, amma Baba Dogara bai ɗauke su a bakin komai ba. In tiyo ya fito daga bakin inji, ya bi ta kwamin ruwa ya huce, sai ya yanki guntu ya sa a baki ya ciza. Ya rufe ido kamar mai addu'a. Can sai ya ce, "Ƙara rabin gwangwani." Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya yarda da sikeli. Ya ce, "Sikeli Bature ne ya ƙera, haƙori kuwa Allah ne ya yi. Wanne kake so in bi?" Shekara uku na yi ina cizon roba kafin ya yarda cewa haƙorina ya gama karatu. Na ciji tiyon da in aka jona shi zai kai Abuja ya dawo, har ya rage na shanya.

Aikin da ba na mantawa a farkon zamana mai haɗi shi ne ranar da aka ɗauke wuta da kaya cike a cikin inji. Ku da kuke cewa maɓalli, ku ji. Robar nan ba ta da haƙuri. In ta tsaya cikin zafi ba ta motsi, ƙonewa take yi, ta yi baƙi, ta saki wani hayaƙi mai yaji da ke shiga hanci ya fito ta ido. Janareta ya ƙi tashi. Baba Dogara ya ce a kwance kan inji tun da zafinsa. Muka ɗaure hanci da tsumma, muka zaro dogon ƙarfen nan mai murɗiya da ke tura roba, muka hau kankarewa da wuƙar tagulla, don in ka sa ta ƙarfe ka ji masa ciwo, tiyonka zai riƙa fitowa da zane har abada. Mun yini muna kuka ba wanda ya mutu. Wannan hayaƙin shi muka sani a matsayin haɗari, don yana cizo nan take. Man laushi kuwa abokinmu ne. Wa zai ji tsoron abin da ba ya yaji?

Ai har gida muke kai shi. Mai faso ya shafa a ƙafa. Mai keke ya ɗiga wa sarƙa. Ƙofa tana ƙara, man laushi. Akwai wani da ya rantse yana sa gashi sheƙi, ya yi wata guda yana shafawa, ƙudaje suna zamewa a kansa. Durom in ya ƙare, a ɗauraye sau biyu a kai gida a tara ruwan sha. Kowane durom kuma yana zuwa da wata takarda mai ƙananan rubutu da Turanci. Takardar nan tana da kyau ƙwarai, ba ta jiƙewa da wuri, ita muke ba mai ƙosan bakin get ta ƙunsa mana.

Abu ɗaya kowa a sana'ar ya sani: roba mai laushi ba ta dawwama da laushinta. Takalmi ya yi shekara, sai ya bushe ya tsage. Mukan ce man ya gudu. Oga, mai kamfanin, yana son wannan gudun fiye da yadda yake son matarsa, don duk takalmin da ya bushe sabon ciniki ne. Mun faɗi kalmar nan sau dubu, man ya gudu, man ya gudu, kamar wani ɓarawon akuya, kuma ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kai.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Kai, mun sha alkawari! Kowane bango fosta, kowace mota lasifika. Aka ce yanzu talaka yana da 'yanci, ma'aikaci yana da haƙƙi. Mu haƙƙinmu ya iso cikin kwali: safar hannu da abin rufe hanci. Duk ranar da aka ji masu duba kamfanoni za su zo, sai a raba mana, mu sa, mu yi kyau kamar likitoci. Su zagaya, su sha lemo a ofis, su tafi. Motarsu ba ta kai kwana ba sitokifa, mai ajiyar kayan kamfani, zai fito da kwalinsa: "A dawo da kayan gwamnati."

A wannan zamanin muka shiga muguwar shekara. Masaƙun Kakuri suka fara tari, wannan ta rage ma'aikata, waccan ta sa kwaɗo. Mutanen da ke saya wa 'ya'yansu takalmanmu su ne aka sallama. Ga kuma takalman waje sun cika kasuwa, masu kala kamar alewa, da arha kamar an sato. Injin takalminmu ya kwanta, gizo-gizo ya yi hayar ɗaki a ciki. Baba Dogara ya ce shi ya gaji, ya koma Rido ya kama noma, ya bar min miksa, wato injin haɗa gari da mai, da gwangwaninsa na awo. Kullum da safe in mun zo, sai mun fara leƙa allon sanarwa mu ga ko sunanmu ya fito. Ni ga mata ga yara uku a ɗaki biyu, ban iya komai ba sai cizon roba.

Ana cikin haka Madam Nkechi ta shigo rayuwarmu. Mai sayar da man gyaɗa da manja ce a kasuwar Sabon Tasha, kuma ita ce shugabar mata masu mai. Mace ce da in ta yi magana a Sabon Tasha, a Barnawa ake amsawa. Ta zo neman tiyo siriri, garai-garai wanda ake ganin ciki, na zuƙo mai daga durom zuwa galan da kwalba. Kun san yadda ake yi: a tsoma kai ɗaya a durom, a zuƙi ɗayan da baki, mai ya taho. Ta ce in ya yi kyau, matan ƙungiyarta duka za su saya, har da na wasu kasuwanni. Oga ya kusa goya ta.

Na yi mata tiyo, ba don ina yabon kaina ba, wanda in ka naɗe shi a wuya sai ka ɗauka gyale ne. Mata suka yi ta saye. Inji ya dawo yana waƙa. Allon sanarwa ya huta.

Wata guda da 'yan kwanaki, sai ga Madam a bakin get da wani abu a hannu kamar sandar makiyayi. Ta buga shi a ƙasa, ya ce ƙwas.

"Ina Ayuba? Ayuba, mene ne wannan? Tiyo na saya ko gora?"

Na karɓa na ciza, haƙorina ya kusa zama a ciki. Na ce, "Madam, kin bar shi a rana ne?"

"A'a, a firij nake kasuwa! Ina kake so in bar shi? Yini yake a cikin durom, kamar na kowa."

Abin ya taɓa ni a inda ba na so. Takalmi yana shekara kafin ya bushe, tiyona kuma wata ɗaya? Ni ɗalibin Baba Dogara? Na ce mata, "Madam, ki ba ni sati. Zan ƙara masa magani."

To ku saurari hikimar ƙwararre. Tiyo ya bushe saboda man ya gudu. Mene ne maganin? A ƙara mai! Na ƙara gwangwani guda. Ya yi wata biyu ya bushe. Na ƙara biyu. Na zauna na fito da haɗi na musamman, na rubuta a bangon miksa da alli, na sa masa suna haɗin Madam. Tiyon nan don laushi har kunya yake ji. Yana kai wata uku kafin ya sandare, matan suka ce ba laifi, in ya sandare su sayi wani. Oga ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce ni ne ginshiƙin kamfani. Na fara tafiya ina buɗa hannu kamar mai ƙurji a hammata. Kusan shekara biyu muna haka.

Wata Lahadi bayan coci, Rifkatu ƙanwar matata ta zo mana yini. Nas ce, kuma tsakanina da ita ba a gaisuwa sai da tsiya. Tana shigowa ta ce, "Mijinmu, har yanzu ana cin roba, ko an samu aikin yi?" Na ce, "Ana ci, matar gwamna. Ke har yanzu kina tsira wa mutane allura a inda ba su yi miki laifi ba?"

Autanmu Ishaku yana rarrafe a lokacin, haƙora suna fito masa. Ni kuwa, uba nagari, na yanko masa guntun haɗin Madam mai laushin nan, yana ta tsotsa yana zubar da yawu. Rifkatu ta gani. Dariyar ta ɗauke. Ta fizge abin daga bakinsa, yaro ya callara ƙara.

"Yaya Ayuba, mene ne wannan?"

"Tiyo ne. Sabo fil, na wanke."

"Da wane mai kuke sa shi laushi?"

Na faɗa mata haruffan uku da alfahari, kamar ina faɗin sunan kakana. Ta ce wannan dangin wasu sinadarai ne da ake kira talet, kuma a wurin aikinsu an yi musu bayani a kai. Ba ya kama jikin roba ya zauna, fita yake yi a hankali, musamman in ya haɗu da maiƙo ko zafi. Ta ce a wasu ƙasashe an fara hana sa shi a kayan wasan da jarirai ke sawa a baki, don ana tsoron yana taɓa halittar yara, tun ba maza ba, tun suna ciki.

Na yi dariya na ce, "Ku 'yan asibiti, ko ruwa kuka kalla sai kun ga cuta. Na lashi man nan ya fi tulu guda. Ga ni, ga yara huɗu. Ko kina so in ƙara na biyar ki gani?"

Ta ce, "Ban ce guba ce mai kashewa yau ba. Cewa na yi ba abin ci ba ne."

Don in kashe bakinta, sai na kawo labarin gwanintata: yadda tiyon Madam yake bushewa a cikin man gyaɗa, yadda na yi ta ƙara mai har na ci nasara. Ina ba da labari ina kaɗa ƙafa. Saratu matata tana bakin murhu tana soya mana doya. Ba ta cika sa baki a hirarmu ba. Sai ta juyo da matsami a hannu ta ce, "Baban Talatu, wai in man ya gudu daga tiyon, ina yake zuwa?"

Duka mu uku muka kalli kaskon. Man da ke tafasa a ciki daga shagon Madam Nkechi aka sayo shi, don tun da muka fara harka take yi wa Saratu ragi. Ranar dai doyar nan shayi aka sha da ita, kuma ba wanda ya nemi ƙari.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba a sana'ata: na nemi shawarar sikeli. Na yanki sabon haɗin Madam kamu ɗaya, na yanki wani tsohon da aka dawo da shi kamu ɗaya, na wanke shi da sabulu na shanya. Na ɗora su a ƙaramin sikelin kala ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya fi sauƙi, ba ma kusa ba. Na sake da wani, haka. Wato duk gwangwanin da nake ƙarawa ina taƙama, ba tiyo nake shayarwa ba. Miyar mutanen Sabon Tasha nake yi wa haɗi.

Na sami Oga a ofis na shimfiɗa masa guntayen biyu a tebur. Ya saurare ni har ƙarshe, yana juya makullin mota a yatsa.

Ya ce, "Ayuba, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Oga."

"Wa ya kwanta asibiti?"

"Ban sani ba."

"To ni tiyo nake sayarwa. Ban ce kowa ya sa a miya ba. Ka leƙa waje." Na leƙa ta taga, ga ma'aikata suna naɗe tiyo. "Mutanen nan duka da wannan odar suke cin abinci, har da kai. Yanzu mulkin farar hula ne, kowa yana da 'yancin magana. Ni ma ina da 'yancin sa hannu a takardar sallama. Ka je ka yi tunani."

Na yi tunani har kaina ya yi zafi kamar inji. Ranar Asabar na hau mota zuwa Rido wurin Baba Dogara. Na same shi a gona yana cire ciyawa. Na kwashe komai na faɗa masa, ina fata ya ce min zancen banza ne in koma in ci gaba da aikina.

Da farko kamar zai ba ni abin da nake so. Ya ce, "Ni na fi shekara talatin ina lasarsa. 'Ya'yana tara. In yana hana haihuwa, to ni nawa jabu aka riƙa kawo min." Muka yi dariya. Na miƙe zan yi sallama da farin ciki. Sai ya ce, "Zauna. Ni da na lasa, na san me nake lasa, kuma ana biyana. Matan nan sun san abin da suke aunawa mutane a kwalba?"

Na ce ba su sani ba.

Ya ce, "To ni na koya maka haɗa tiyo. Ban koya maka haɗa miya ba." Ya sunkuya ya ci gaba da ciyawarsa. Tsohon nan ko ruwa bai ba ni ba.

Matan suna taronsu ranar Laraba da la'asar a wata rumfa bayan layin masu mai. Na ari ƙaramin sikelin ba tare da na tambayi mai shi ba, na sa a buhu, na tafi. Madam tana ganina ta washe baki: "Ga injiniyanmu! A ba shi kujera." Na ce a bar kujerar, gara in kasance a tsaye saboda gudu.

Na ɗora sabo, na ɗora tsoho, na nuna musu allura. Na ce abin da ya ragu ɗin nan yana cikin man da suka sayar. Na faɗa musu abin da Rifkatu ta ce, ban ƙara ba, wanda a wurina wannan kaɗai abin al'ajabi ne. Na ce ban san ko ya cuci wani ba, ban san ko bai cuta ba, amma ni na daina ba ɗana, kuma ba zan so a zuba min a abinci ba.

Madam ta taso a hankali.

"Ayuba. Lokacin da na kawo maka ƙara, me ka ce min?"

"Na ce zan ƙara magani."

"Wannan ne maganin?"

"Shi ne, Madam."

"Wato na ce maka abu yana zuba a cikin maina, kai kuma ka ƙara min shi?"

"Ba haka kika ce ba, Madam, cewa kika yi ya bushe..."

"Ni nake zuƙa da bakina! Jikokina da man nan aka yaye su!"

Ban san inda ta samo ludayin awo ba. Na dai san na bar Sabon Tasha da gudun da ko ɗan acaɓa bai kamo ni ba, sikeli a hammata, mata suna raka ni da albarka cikin yare huɗu.

Da safe kafin in iso aiki, sun riga ni. Sun kwaso tiyonsu kaf, sabo da tsoho, sun zube a bakin get, tuli guda kamar an kashe macizan duniya. Oga yana tsaye a kai. Bai yi ihu ba. Ya karɓi sikelinsa, ya miƙo min ambulan, ya ce in gaida gida. Abokan aikina ba wanda ya kalle ni, ban kuma ga laifinsu ba, don a ranar kowa yana ganin na kashe masa tukunya.

Na koma liƙin bokiti da baho a bakin titi, da wuƙa da garwashi. Mutumin da ake kira ginshiƙin kamfani, yanzu ina roƙon mata su kawo fasasshen bokiti. Ina jira in ji an rufe kamfani a ce ni ne sanadi.

Ina! Oga ba a banza ya zama oga ba. Sati uku ya ɓace, sai ga shi da wani irin tiyo daga Legas, fari-fari, mai ɗan tauri, wanda robarsa daban ce, ba ta buƙatar man laushi. Ya sa masa suna tiyon abinci, ya tsuga masa kuɗi. A jikin namu na da kuma ya sa aka riƙa buga rubutu: ba na abinci ba. Ya bi kasuwanni da kansa yana wa mata wa'azi a kan haɗarin tiyo mai laushi, da sikelin nan da na ara a hannu, yana ɗora sabo yana ɗora tsoho. Wasu matan suka saya, wasu suka koma mazurari da famfon hannu. Masu lambu da masu wankin mota suka ci gaba da sayen tsohon. Kamfani bai mutu ba. Har fenti aka yi wa get.

Ƙarshen shekara sai ga saƙo daga Madam: ƙungiya tana biki, lallai in zo. Na ce wa Saratu, "Kin gani? Gaskiya ta yi halinta." Na ciro babbar rigata ta Kirsimeti, na sa aka goge, na shirya jawabi a kaina har da wurin da zan tsaya a tafa. Aka kafa rumfuna, aka kawo kansila, ga makaɗa. Aka zaunar da ni a layi na biyar kusa da masu raba shinkafa. Na ce ba komai, daga nan za a kira ni, tafiyar ma ta fi tsawo, a fi ganina.

Mai sanarwa ya ce yanzu za a karrama mutumin da ya ceci lafiyar iyalanmu. Na gyara hula, na ɗaga rabin jiki daga kujera. Sai na ji sunan Oga. Kansila ya rataya masa kambu, ya ce irin waɗannan 'yan kasuwa masu kishi su ne ribar dimokuraɗiyya. Oga ya karɓi lasifika ya ce su a kamfaninsu, tun fil azal, lafiyar jama'a ce gaba da riba. Tunda na riga na miƙe rabi, sai na ƙarasa miƙewa na tafa. Na fi kowa tafi. Har ya ɗago min hannu.

Ina zamewa zan tafi, Madam ta tare ni a bayan rumfa. Ta ajiye galan ɗin man gyaɗa a gabana, cike har wuya.

"Ka kai wa Saratu. Da mazurarin ƙarfe na zuba, da hannuna."

Na yi godiya. Na ga fuskarta a sake, na ce bari in gwada sa'ata. Na ce, "Madam, tunda yanzu ke da Oga kun zama 'yan uwa, ki sa baki mana ya mayar da ni aiki. Liƙin bokiti ba ya riƙe gida."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ya mayar da kai? Mutumin da ke kwashe sirrin ogansa ya kai kasuwa? Ayuba, ina ganin girmanka, Allah ya sani. Amma ko ni ba zan ɗauke ka aiki ba. Ɗauki manka kafin in canza ra'ayi."

Na saɓa galan a kafaɗa, a kan babbar rigar Kirsimeti, na kama hanyar Kakuri a ƙasa.